Jakadan Armeniya Ya Zo Biko

Shekara talatin da takwas Justina ta yi da Alfred ba ta taɓa yin yaji ba, sai da suka tsufa a Gorton, wata unguwa a birnin Manchester. Wata Talata na buɗe ƙofa a unguwarmu Small Heath, can wani gari daban, inda nake zaune gun ɗana Bara'u, sai ga ta da akwati da ledar maganin hawan jini. Tun makarantar koyon jinya muke tare, tana zuwa coci ina zuwa masallaci, kuma a ƙasar Turawan nan ba ta da uwa ba ta da yaya sai ni. Gidana shi ne gidansu.

Maganar turmi ce. Na mahaifiyarta ne, tun daga Kagoro ta taho da shi. Da Alfred ya yi ritaya sai son shuke-shuke ya kama shi. Ya ga turmin ya ɗan tsage, ya samo injin huda katako ya ɓula gindinsa, ya cika shi da ƙasa, ya dasa tumatir. Da ta yi magana ya ce ai suna da bilenda.

To, yaji ba rabuwa ba ne. Mace ta tafi gida ta zauna, miji ya nemo babban mutum ya zo biko. Amma dattawan cocinsu duk matansu ƙawayen Justina ne, babu wanda ya yarda ya sa baki. Sati biyu Alfred yana cin burodi da waken gwangwani, kafin ya tuna da Mesrop.

Mesrop ɗan Armeniya ne. Shekarun baya ya zo jami'a a titin Oxford Road yana karatun tattalin arziki, ya kama ɗakin sama a gidansu. Justina ta ciyar da shi tuwo da miyar kuka shekara huɗu, har ya iya loma da hannu yana ce mata Mama. Ya koma ƙasarsu ya koyar, aka ja shi ma'aikatar kuɗi, ya kai mataimakin minista, daga baya aka tura shi jakada ƙasa biyu. Duk Kirsimeti sai katinsa ya zo da hoton wani dutse mai ƙanƙara a ka. Aka yi sa'a yana Landan wajen taro, kuma yana jin Mama ta bar gida ya ce ga shi nan zuwa.

Ranar Asabar wata baƙar mota ta tsaya a ƙofarmu. Mesrop ya fito cikin kwat, kai duk furfura, da jakar takardu a hammata. Alfred kuwa a mota aka bar shi, wai a irin aikinsu ba a haɗa masu rigima wuri ɗaya tun da farko. Ya gaishe ni da Hausa, har da ina gajiya. Ina jin daɗi ke nan sai ya buɗe jakar.

Ya yi mini tambaya ya rubuta, ya sauka mota ya tambayi Alfred, ya dawo ya rubuta. Sau shida. Maƙwabta suka zaci ma'aikatan ƙaramar hukuma ne suka zo auna gidan. Justina tana kicin, ta bar ƙofa a buɗe kaɗan. A ƙarshe ya miƙe tsaye ya karanta mana abin da ya tsara, shafi uku, wai ɓangarorin biyu suna nadamar abin da ya samu turmin.

Sai ga murya daga kicin. "Ɓangarori biyu? Ni na riƙe masa injin da ya huda? Mesrop, ni na koya maka cin tuwo, yau ni ce ɓangare?"

Na gyara mayafina na ce mun ji, a je a dawo.

Bawan Allah sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce ya zauna da mutanen da suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna, bai taɓa tashi hannu wofi kamar yau ba. Tausayi ya kama ni, na bi shi bakin ƙofa na faɗa masa cewa bikon farko ba a bayarwa, ko da turmin zinare ya zo. Aikinsa kawai ya sa wannan kwat ɗin, ya zauna, ya ci abin da aka ba shi, ya ce a yi haƙuri. Mai laifi kuma ya shigo da ƙafarsa. Ya ciro ɗan littafi ya rubuta, sannan ya tambaye ni sau nawa ake faɗa.

"Har sai an gaji, ɗana."

Ya ɗaga tafiyarsa. Asabar ta gaba babu baƙar mota. Jirgin ƙasa suka biyo shi da Alfred daga Manchester, sannan bas, suna riƙe da turmin kowa gefe guda, tumatirin yana rawa a sama. Alfred ne ya ce sai an zo da shi. Gaban kwat ɗin jakada duk ƙasa.

Suka dire shi tsakiyar falo. Na kira Justina ta fito tana kallon silin. Alfred ya durƙusa, abin da likitansa ya hana shi tun bara.

"Maman Shalom, turmin mahaifiyarki ne, na sani. Na yi laifi."

"A yi haƙuri," in ji Mesrop.

Nan ta fara. Daga turmi ta koma kan zanin da ya goge mota da shi, ta wuce zuwa ranar da ya manta ta a kasuwar Gorton ya tafi gida ya sha shayi. Duk inda ta ja numfashi jakada ya ce a yi haƙuri. Sau ɗaya na ga ya ɗaga yatsa zai kawo shawara. Na harare shi, ya ɗauki waina ya cusa a baki.

Da ta gaji sai idonta ya sauka kan shukar. Ta matso, ta juya ganye, ta tsoma yatsa a ƙasar. Ganyen ya yi rawaya, ruwa ya yi yawa, ko sandar da za ta tokare shi babu.

"Ka kashe turmi, yanzu tumatirin za ka kashe. Tashi, Baban Shalom."

Ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ita ta kama shi ta ɗaga, tana faɗan wa ya aike shi durƙuso da wannan ƙafar. Sannan ta hau sama ɗauko akwatinta. Ba ta daɗe ba, don tun ranar Alhamis na ga ta haɗa kayan.

A bakin ƙofa Mesrop ya tambaya cikin ladabi wa zai ɗauki turmin. Justina ta ce shi ne ƙarami a cikinsu. Haka na tsaya ina kallon su har tashar bas, tana gaba, Alfred yana jan akwati yana ɗingishi, jakada yana baya rungume da turmi, ganyen tumatir yana shafar masa hanci.