Jan Fentin Baba Gajere

"Ɗaga ni in zauna," in ji Baba Gajere. "Kwanciyar nan ta ishe ni."

Kafinta, maƙwabcinsa na shekara ashirin, ya tallabo shi ya jingina shi da bango. Tsohon ya rame, ba nauyi ko kaɗan, sai ka ce buhun ƙaiƙayi.

"Sun je sun gani?"

"Shugaba ya ce sai 'yan kwamiti sun cika, Baba."

Aikin Baba Gajere a kwamitin dajin ƙauyen guda ɗaya ne. Yakan zaga da gwangwanin jan fenti, duk itacen da ya bushe ya shafa masa. Mai fenti a sare, marar fenti a ƙyale shi. Shekara goma sha biyu ana haka, daji yana nan tsaye. Sai gawayi ya yi tsada a birni, wasu masu wayo kuma suka tuna cewa jan fenti a kowane shago ana sayar da shi. Aka wayi gari ɗanyun itatuwa masu ganye shar duk sun yi ja. Kwamiti bai wahalar da kansa da bincike ba. Wa ke riƙe da gwangwani? Aka ce tsohon ya sayar da daji, aka ƙwace gwangwanin a bainar jama'a. Tun ranar bai sake leƙa waje ba, abinci ma sai 'yarsa ta yi da gaske.

Kafinta kuwa mutum ne da ko gaisuwa ya je gidan wani sai ya auna ƙofar da ido. Da ya shiga dajin, nan take ya gano abin. Baba daidai ƙirjinsa yake shafa fenti, ƙirjin Baba kuwa da ƙyar ya wuce cibiyar wani. Sabon fentin yana can sama, inda tsohon ko ya yi ɗage ba zai kai ba. Ya garzaya wurin shugaban kwamiti.

"Ranka ya daɗe, minti goma kawai. Ka zo ka gani da idonka."

"Ka san ba ni kaɗai ba ne kwamiti. Bari ma'aji ya dawo daga birni."

Ma'aji ya dawo, magatakarda ya tafi. Sai da aka yi kwana tara suka cika, Kafinta ya shige gaba da tef ɗin awo a hannu. Kututtura suka tarar, an sare su daidai gwiwa. Fentin ya bi gungumen zuwa ramin gawayi.

"To, me za mu gani?" in ji shugaba, yana kaɗe takalminsa.

Kafinta ya daɗe a ƙofar ɗakin Baba kafin ya yi sallama. Ransa ya ɓaci, ga kunya kamar shi ya yi saran.

"Sun je?"

"Sun je, Baba."

"Sun gani?"

Ya so ya yi masa ƙarya, bakinsa ya ƙi. Tsohon ya kalle shi, ya gane.

"Ka faɗa wa 'yata ko reshe ɗaya ban sayar ba."

"Ta sani, Baba."

"Ita ta sani. Mutane fa?"

Bayan kwana biyu tsohon ya cika, da hantsi.

Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, har suka ci rabin hanya. Kafinta yana zaune yana jiran ko mutum ɗaya ya ce an zalunci mamacin. Kowa dai sai ya ce Allah ya yafe masa kurakuransa. Ana cikin haka wata babbar mota ta kunno kai daga wajen daji, an lafta mata buhunan gawayi har ta karkata. Hanyar ba ta ishe ta ba. Shugaba ya miƙe yana yi wa direba hannu, "Taho, taho, a hankali." Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Kafinta ne ƙarshe. Ya naɗe tabarmarsa, ya rungume ta a ƙirji, ya matsa jikin bango har motar ta wuce.