Shaidar da ke Wuyan Ɗan Raƙumi

"Na ce ki tattaro su duka, har na hannun yaran lakwal!" in ji Malam Aisami, yana buga littafin a kan tabarma.

"Haba Baba, a kan zanen raƙumi?" in ji Zainabu.

Ni Yabawa maƙwabciyarsu ce. Aron turmi ya shigo da ni, ga shi kuwa turmina biyu a gida. Na samu gindin randa na zauna, don ƙafata ba ta son tsayuwa in ana irin wannan magana.

Zainabu ita kaɗai ce 'yar Aisami mai shagon atamfa, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, nan Gure. Ita ta zana littafin yara, aka buga shi a Damagaram. Karatuna bai wuce aji biyu ba, amma hoto ba ya neman malami. Wani ɗan raƙumi ne ya tashi cikin garken shanu, yana jin kunyar dogon wuyansa, yana ɓoye shi cikin kaba. Can rani ya yi tsanani, shi kaɗai ya kai ga ganyen sama, yana kaɗo wa shanun. Ya daina sunkuyo. Labari mai kyau.

Abin da ya ɓata shi, ta sa wa ɗan raƙumin shaidar lalas a wuya, irin wadda ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi: ƙafar hankaka da ɗigo biyu. Mutumin gari zai ce ado ne. Amma wajen makiyaya shaida suna ce ta dangi, ba a aronta, ba a wasa da ita. Duk inda suka gan ta sai sun bi sawu.

"A ina kika ga wannan shaidar?" Aisami ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"A gindin tsohuwar ƙwaryar da ke rataye ɗakin marigayiya Inna. Ta yi mini kyau ne kawai."

Gumi ya karyo wa Aisami. Ni ma na ji turmin ya fita raina.

Don ina nan a shekarar da fara ta cinye gonaki, lokacin da wata mata ta zo daga wajen Alakos, ta rame kamar kara, da jaririya a baya da wannan ƙwarya a hannu. Ta ce wa Mardiya matar Aisami, wadda Zainabu ke kira Inna, ta riƙe mata yarinyar ta je ta sayar da akuyarta. Har yau tana sayar da akuyar. Mardiya ba ta taɓa haihuwa ba, ta rungume. Aisami ya sa na rantse. Shekara ashirin da 'yan kai na riƙe bakina, ban taɓa riƙe komi haka ba, ko azumi.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Makiyaya uku sun shigo kasuwa tun safe," ya ce. "Babbansu ya ga littafin a hannun jikansa. Rumfa rumfa suke bi, suna tambayar wanda ya zana."

"To in je in ba su haƙuri, in ce ban sani ba."

"Ba za ki je ba! Kada su ga fuskarki!"

Zainabu ta tsaya cak. "Fuskata? Me ke fuskata?"

Allah shaida, ni ban faɗa wa mutanen komi ba. Sun same ni wajen mai goro, tsohon ya buɗe hoton ya nuna mini, idonsa ja wur. Na ce ban sani ba. Haɓata ce kawai ta ɗan karkata wajen unguwarmu, ita kuwa haɓa ba ta rantse ba.

Sai muka ji kukan raƙumi a bayan katanga, irin wanda yake yi in ana durƙusar da shi. Sannan na biyu. Sannan na uku. Ba wanda ya yi sallama. Jira kawai suke.

Zainabu ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar. Ta juya ta, ta shafa shaidar da yatsa, ta dube ni.

"Iya Yabawa, ke da kika san abin da ke tukunyar kowa a Gure, ƙwaryar wa ce wannan?"

Tari ya kama ni, tari mai tsawo. Ban taɓa yin shiru a gabanta ba tun tana rarrafe, ta kuwa gane.

"'Yata," in ji Aisami, ya miƙo mata hannu. "Ni na yanka miki ragon suna. Zauna in gaya miki."

"Shekara nawa ina zaune, Baba?"

Ta gyara lulluɓinta, ta rungume ƙwaryar a ƙirji, ta nufi zaure. Aisami ya yunƙura zai tashi, amma ta riga ta kai ƙofa. Ta fita wajen masu raƙuma, ta bugo ƙyauren langalanga da ƙarfi har ƙasa ta zubo daga saman ƙofa.