Komai Bibbiyu

Auta ya hura faifan, ƙura ta tashi, busasshen kyankyaso ya faɗo masa a cinya. Ya ja tsaki, ya kaɗe shi da bayan hannu.

Faifan ajiya ne na kwamfuta, daga kwandon tarkacen shagon gyaran da yake aiki. Haka ya tsinto guda biyu a bara, ya ɗaura su cikin wata tsohuwar kwamfuta marar murfi a ƙarƙashin teburin ɗakinsu, ya haɗa su suka zama madubin juna: abin da ya shiga wannan, nan take ya shiga wancan. In ɗaya ya mutu, ɗaya na nan. Kowa a gidan ta wayarsa yake tura kayansa ciki. A ciki kuma akwai foldar Baba, maganganunsa da aka ɗauka da tsohuwar wayar Mama yana kwance a asibiti. Wayar ta daɗe da mutuwa. Baban ya riga ta.

Makon jiya wuri ya cika maƙil, shi ya sa ya kawo ƙari.

Ɗakin yana warin safa da ragowar abinci. Yayansa na shimfiɗe a katifa, waya a ƙirji, yana ɓantarar farcen ƙafa yana ajiyewa a gefen faranti. Auta ya kau da kai, ya kunna allo.

Wuri bai cika ba. Wani abu ma na sauka daga intanet.

Ya duba hotuna, suna nan. Takardun makaranta, suna nan. Ya nemi foldar Baba sama da ƙasa.

"Yaya."

"Mm."

"Ina foldar Baba?"

"Au, ita? Na goge ɗaya."

"Ɗaya me?"

"Kai da bakinka ka ce komai bibbiyu ne a ciki. Ina neman wurin sa waƙoƙi, na ce to wannan almubazzarancin na mene ne? Na goge ɗaya, ɗayar tana nan." Ya ɗaga farcen yana dubawa. "Injiniyan gida, ka duba ɗaya faifan mana."

Auta ya tuna. Ya faɗa, gaskiya ne. A falo ya faɗa, yana hura hanci, ranar da Mama ta tambaye shi ko muryar za ta ɓata. Bai gaya wa kowa cewa madubi ba ya gardama ba. Ka goge a nan, ya goge a can.

Ya sunkuya ya fizge wayar wuta daga bango. Fankar kwamfutar ta yi ƙugi ta mutu.

"Kai! Mahaukaci ne kai? Saura kaɗan su gama sauka!"

"Tun yaushe kake saukewa?"

"Tun shekaranjiya. Me ya faru ne wai?"

"Abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. Kai kuma kwana biyu kana zuba masa shara."

Yayan ya tashi zaune. Can ya ce, "To ai da sai ka yi wa mutane bayani."

Auta ya juya masa baya. In ya tanka, sai an raba su.

Ya kwance faifai ɗaya, ya jona shi da kwamfutar shago da ya zo da ita, ya saki manhajar tono abin da aka goge. Rana ta juya daga taga zuwa bango. Ƙuda ya sauka a farantin, ya tashi, ya dawo da ɗan'uwansa. Fayiloli suka riƙa fitowa ba suna, sai lambobi. Ya buɗe na farko, shiru. Na gaba, ƙara kamar ana yaga kwano. Na gaba, waƙar rawa daga farko har ƙarshe. Haka, haka, har wuyansa ya ƙage.

Guda ɗaya ya buɗe da tari. Ya san tarin.

"Wa nake ji haka?"

Mama ce a bakin ƙofa, hannunta da kumfar wanki. Yayan ya miƙe ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya koma jikin bango ya tsaya.

"Mama, an samu matsala," in ji Auta. "Wannan kaɗai ya saura."

Ta dube shi, ta dubi babban. Ba ta tambayi wanda ya jawo ba. Ta goge hannu a zane ta zauna.

"Sa min."

Tari. Ƙarar gadon ƙarfe. Sai muryar, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya.

"Kina ji na? Abin nan yana ɗauka kuwa? To. Ki ce wa yaran nan, in na..."

Kiɗa ya fashe. Ganguna, da wata murya tana ihun a girgiza a girgiza. Auta ya hango babban yatsan ƙafar Yaya ya motsa sau ɗaya a kan siminti, da kansa, kafin mai shi ya take shi da ɗaya ƙafar. Auta ya kashe.

A waje famfo na zuba a bokitin da Mama ta bari.

"Mayar baya," in ji Mama.

"Mama, iyakarsa ke nan. Sauran..."

"Na ji. Mayar."

Ya mayar. Tari, gado, kina ji na. Wannan karon ya ɗora yatsa a kan maɓallin, ya tsayar daidai kan "in na", kafin gangar farko.

Mama ta lumshe ido.

"Sake," ta ce.