Ɗingishin Malam

…kuma ba karatun ne ya gagare ni ba, yatsan ne. Na saba bin layi da yatsa tun ina koyon boko a jikin gwangwanin madara da littafin yara, ita kuwa waya kana taɓa ta sai rubutu ya gudu. Sau fuɗu ke nan ina komowa wuri guda. Saƙo talatin da wani abu, Malam, duk a kan ƙafarka.

Saudatu ta aje mani ita bisa tabarma za ta tafi makaranta — koyarwa take yanzu, autar taka da ka bari tana shekara uku — ta ce in karanta abin da mutanen zaurensu suka ce, in ta taso la'asar in ba ta amsa. Zaure… ba ƙofa, ba tabarma, mutum ɗari biyu cikin waya, masu yin katun don sha'awa, kowa ya yi nashi ya turo a duba mashi. Ita kuma kai ta yi. Wata biyar tana gaban kwamfuta tana ja maka ƙasusuwa, haka take kiransu, wasu 'yan sanduna a cikin zanen, ɗaga wannan, sauke wancan. Abin duka sakan ashirin ne. Ka fito ƙofar gida, buta a hannu, ka nufi masallaci. Shi ke nan.

Ni na ce kada a sa fuska. Kai da mai hoto ya zo sunan ɗan fari ka juya mashi ƙeya, yau in bari a zana maka ido? Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce Allah ne masani, amma in ba ido ba hanci abin ya fi sauƙi. To ba ido, ba hanci, ba baki. Kai sumul kamar ƙwai, sai hula, sai riga. Mi ya rage da za a gane kai ne? Tafiya. Ita kaɗai.

Ta ce Inna gwada mani yadda yake tafiya. Na ce ke ba ki da kunya. Kwana uku tana bi na har madafa. Ranar na sa ta kulle ƙofa, na ɗauki buta, daga bakin rijiya zuwa turken awaki, in je in dawo, in je in dawo… tana ɗauka da waya, tana dariya, tana goge ido da bakin mayafi. Da wannan ta yi aiki.

Ga wani Ɗangiwa, daga Kaduna wai. Ya ce ƙafar tana santsi a ƙasa, ƙashin ƙugu ba a ɗaura shi daidai ba, ta goge ta sake tun daga farko, mutum ba ya tafiya haka. Mutum ba ya… Shekara goma sha biyar ina jin tafiyar nan tun daga bakin lungu, kafin sallama, in tashi in sauke ruwa. Wani ya sa fuskar dariya. Wani ya tambaya ko rawa dattijon yake yi. Ba mugaye ba ne, astagfirullah, ban ce ba. Wani ma ɗaukar zanen ya yi ya gyara mata don Allah ya turo, ga ka nan kana takawa tsaf kamar ɗan sanda. Sau ɗaya na kalla. Wane baƙo ne wannan ya sa rigarka?

Sai ta rubuta masu cewa ba kuskure ba ne, mahaifinta ne, ɗingishi yake yi. Har sunanka ta sa. Malam Maccido. Ga shi ƙarara, baƙaƙe bakwai, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba, yau ido ya karanta kafin in hana shi.  Sai Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙansa, jere kamar layin gaisuwa. Ɗangiwa ya ba da haƙuri har sau biyu. Da tarbiyya, yaron, baki ne dai da sauri.

Motar tsakuwa ce ta taka maka ƙafar, ka ce mani, zamanin da kuɗin mai ya sa ko'ina ana shimfiɗa kwalta, kana saurayi kana leburanci kafin ka koma ga karatu. Ban san ka da wata tafiyar ba. Ranar da ka fara zuwa gidanmu a Kebbe ta ramin zana na leƙo, Yaya tana tsungulina, ga mai ɗingishinki nan ya iso — tunkiyar nan ta sake shiga dawa, bari… a'a, ta fita.

Da a nan aka tsaya da na samu barcin rana. Sai wata Zahara'u, daga Zariya. Ta yi sallama cikakkiya, ta ce a gaida Inna. Ni ke nan. Ta ce ta rage gudun zanen ta bi shi hoto bayan hoto. Wai mai ciwon ƙafa ba ya daɗewa bisa ƙafar da ke ciwo, da sauri yake ɗauke ta. A nan kuwa dama ake ɗaukewa da sauri, amma hagu ake ja a ƙasa, kamar ɗingishi biyu aka zuba wa mutum guda. Ta rufe da cewa:

“Ki tambayi Inna wace ƙafa ce. Da ta faɗa, gyaran minti goma ne.”

Wace ƙafa ce.

Dama mana. Da ita kake fara shiga masallaci — kowa da dama yake shiga, ke. Zaman tahiya, to. Ba ta lanƙwasuwa, miƙe ta kake yi gefe, ina bayanka ina ganin diddigen ya nufi bango… ko ƙofa? A tsohon ɗaki ne ko bayan mun koma na gabas? Man zafi, ni nika shafa maka, hannuna ya san tabon, dogo, lanƙwashe kamar bakin lauje. Amma gabanka nika zama, damarka haguna ce. Ko a gefe nika zama? Takalmi! Ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. An ba da su sadaka ranar uku, ni da hannuna na miƙa.

Attahiru ƙanenka yana Kebbe, ko ɗiyansa ba ya ganewa yanzu. Ɗan fari yana Fatakwal, shi zai iya sani. In kira shi in ce mi? Uwarka ta mance ƙafar ubanka?

Izu goma na riƙe bayan na tsufa, ban zubar da aya ba. Na san ranar da ka fara tari. Na san hular da ka sa ranar da Saudatu ta zo duniya. Wannan kaɗai, wannan da aka tambaye ni…

Bari jiki ya tuna, tunda kai ya ƙi. Rijiya. Buta. Bismillah. Ɗaya — biyu — wash, gwiwar nan. Ta dama. Damina uku ke nan tana yi mani haka, da na aza nauyi sai in ɗauke da sauri.

Da sauri.

To saurin nawa ne ke nan? Yarinyar Zariya gwiwata ta gani? Wata biyar ɗiyarka tana zana ka, rabin abin ni ce. In saurin nawa ne, jan ƙasan naka ne, hagu ke nan… sai dai in damar taka ce na kasa ja don zafi, na sauya ban sani ba.

Ko wacce na faɗa za ta yarda. Minti goma, ta gyara, ta tura, mutum ɗari biyu su ce yanzu ya yi. Jikoki su taso suna cewa haka kakanmu yake tafiya, Inna ce ta faɗa, Inna ba ta ƙarya.

An kira la'asar. Ga ƙarar babur ya tsaya a lungu, muryarta tana ce wa mai babur ya gaida gida. Ina tsakar gida tsaye, Malam, ƙafa ɗaya a sama… na gaji, wallahi na gaji, kuma ban san wadda zan ja ba.