Tsamiyar Vinikilang

Ephraim ne ya tsara hanyar sababbin manyan motocin haya da ke tasowa daga Damare, su ratsa Vinikilang, su haye gada zuwa Jimeta, su ƙare a Yola. Aikinsa na farko ke nan bayan ya gama karatun tsara birane, kuma shi ya kawo dokar da ya fi alfahari da ita: mota ba za ta tsaya ba sai inda aka kafa allo. A da, duk inda mutum ya ɗaga hannu nan ne tasha.

A Vinikilang akwai wata tsamiya da mutane ke jiran mota a gindinta tun yana yaro. Bai kafa allo a wurin ba, ya kai shi can gaba kusa da gidan mai, ya ce tsamiyar ta yi kusa da kwana. Abin da bai faɗa ba shi ne tana daura da gidan Goggo Magdalena, ƙanwar mahaifinsa wadda ta riƙe shi, kuma ba ya son a ce ya kai wa danginsa tasha har ƙofar gida.

Ranar da Hajja Zara, shugabar kamfanin motocin, ta shiga motar safe don ta ga yadda tsarin ke tafiya, Ephraim na zaune a gaba cikin sabuwar shuɗiyar riga. Tun daga nesa ya hango Goggo a gindin tsamiya, da sandarta da jakar leda. A ranar baƙin likitoci ke cire yanar ido a Jimeta, da sassafe suke raba kati, kuma shi da bakinsa ya sanar da ita. Bai tuna ya gaya mata an ɗage tasha ba.

Ta ɗaga hannu. Ɗanburam direba ya sassauta ƙafarsa.

"Injiniya, ga Goggonka can fa. In taka birki?"

"Ba tasha ba ce. Wuce."

"Haba Injiniya, tsohuwa ne da sanda."

Hajja ta ɗago kai daga wayarta. "'Yar uwarka ce, Ephraim?"

"Kowa Goggo yake ce mata a unguwar, ranki ya daɗe."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan ya fi damunsa. Motar ta wuce dab da ita. A madubi ya ga hannun nata bai sauka ba har suka sha kwana. A kan gada Hajja ta yaba wa tsarin, ta ce haka ake son matasa, ba sani ba sabo. Ya yi godiya yana kallon ruwan Binuwai.

Bayan an tashi aiki ya biya ɗakinsa a Bekaji, ya cire shuɗiyar rigar ya sa wata tsohuwa, sannan ya hau keke napep zuwa Vinikilang. A hanya yake ta lallashin kansa: idonta ɗaya ya rufe, ɗayan ma dishi-dishi yake gani, ina za ta gane mutum ta cikin gilashi?

Ya same ta a tsakar gida tana tsinke yakuwa da lalube.

"Goggo, an dace?"

"Ina fa. Motar ya wuce ni. Kafin in ja ƙafa zuwa gidan mai, in samu wani, kati ya ƙare. Sun ce sai sun sake zuwa."

"Yaushe?"

"Ba su faɗa ba."

Ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce akwai tuwo a kula, ya zuba da kansa. Ya zuba, ya zauna, ya yanko loma.

Ta juyo da idon da ya rage mata, ta daɗe tana dubansa daga wuya zuwa ƙasa.

"Ka canja riga," in ji ta. "Shuɗin nan na safe ya fi maka kyau."

Ta koma kan yakuwarta. Lomar tana hannunsa har ta huce.