Ƙafar Mai Turare

Ƙaurin ƙonannen sukari ne ya tashe ni daga kan keken ɗinki. Da na leƙa ta katanga, hayaƙi na fitowa ta tagar maƙwabciyata, baƙi ƙirin, ba irin wanda muka saba gani ba. Ko takalmi ban saka ba na zagaya na banke ƙofarta.

Tana kwance a tsakar ɗakin girki, tukunyar haɗin turare ta kife a kan murhu. Na kashe wutar, na ja ta zuwa baranda. A wajen jan ne zaninta ya yaye, tsumman da ta naɗe ƙafar hagu da shi ya warware. Wari ya bugi hancina har sai da na ja baya. Yatsu uku sun yi baƙi, kumburin ya haura idon sawu.

Ta buɗe ido, ta ga inda nake kallo.

"Rufe min, Tela."

"Inna, tun yaushe?"

"Ƙusa ce na taka. Wata biyu."

"Da ciwon sukarin naki? Bari in kira ɗanki."

Ta damƙe min wuyan hannu. Ban san tsohuwar tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Kina kiransa zai kai ni asibiti su yanke ta. Mijina sun fara da yatsa, suka bi shi har cinya, kuma bai tashi ba. Da ƙafata biyu na zo, da su zan koma. Ki rantse min."

Na rantse. Ban daɗe ina tunani ba ma.

Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da ita. Duk layin Mai Turare ake ce mata. Ba ta sayen komai na kwalba. Ɓawon lemo take shanyawa a kan rufin bayan gida, ta daka da kanumfari da kirfa, ta soya ɓarɓashin itace da sukari, ta zuba a tulu ta rufe har sati uku. A watannin nan ƙamshin gidanta ya ninka, matan layi suna ta yabo. Matar mai wanki har cewa ta yi, "Inna ko sabon miji za ki yi ne ba mu da labari?" Inna ta ce, "Naki nake hari, ki kula." Aka yi dariya aka watse.

Daga ranar da na rantse mata ta daina tashi. Ni na koma hannunta. Tana kan katifa tana ba ni umarnin haɗin da zai danne warin ƙafar.

"Bar lemon zaƙi, ba aikinsa ba ne. Kawo ɓawon lemon tsami. Garin gahawa cokali biyu. Lubban kaɗan. Ke, kaɗan na ce, ba masallaci za ki turara ba."

Kasko ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya ƙarƙashin gado. Ta sa na ajiye kwanon gawayi a kowace kusurwa, na jiƙa labule da ruwan na'ana'a. Safe da yamma ina wanke ƙafar da ruwan gishiri, in ƙona tsumman a bayan gidana.

Ɗanta direban babbar mota ne. Ranar ta shida ya biyo da ledar ayaba, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana tari.

"Umma, wannan hayaƙin ai sai ya kashe mutum."

"Shi ya raine ka, ga ka nan ƙato."

"Me ke damunki?"

"Zazzaɓi. Tela na kula da ni."

Ya juyo gare ni. "Yaya, ko in kai ta asibiti? Gobe zan yi lodi, sai bayan sati."

Bargo ya rufe ta har ƙirji. Ta cikin hayaƙin take kallona.

Na ce, "Da sauƙi. Jiya ma ta ci abinci."

Ya yi min godiya har sau uku, ya tafi.

Ranar ta tara ta fara magana da mijinta da ya rasu. Ranar ta goma sha ɗaya, wajen ƙarfe goma na safe, ina goge mata goshi ta ce in rage wutar kasko, gahawar na ƙonewa. Na rage. Da na dawo ta cika.

Ni na yi mata wanka, ni da wata tsohuwa mai ido ɗaya daga bayan layi. Tsohuwar ta ga ƙafar, ta dube ni, ta ci gaba da zuba ruwa. Ɗan ya juyo daga hanya, ya iso ana shirin ɗaukarta. Yana kuka yana ce wa mutane, "Zazzaɓi ne. Da ba don Yaya Tela ba da ita kaɗai za ta mutu."

Washegari da hantsi masu gaisuwa sun ragu. Warin bai bar ɗakin ba duk da na fitar da katifar, don haka na sake hura kasko, na zuba ragowar haɗin. Ina durƙushe ina fifita gawayin na ji mota ta tsaya a waje.

Mace ce doguwa, da jakar tafiya, takalmanta duk laka. Ban taɓa ganinta ba, amma goshin na Inna ne. Babbar 'yarta ce da ke aure can nesa, wadda sai dai a waya nake jin muryarta. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta ja numfashi sau ɗaya, ta ajiye jakar a hankali.

"Gahawa da lemon tsami," ta ce. "Wannan haɗin Umma ba ta yin sa don ƙamshi. Sau ɗaya ta taɓa yin sa a gidanmu, lokacin ƙafar Baba."

Ƙanenta ya miƙe daga kan tabarma. "Yaya, me ya kawo maganar ƙafa kuma?"

Ba ta kula shi ba. Hannuna take kallo.

"Baiwar Allah, wa ya koya miki?"

Mafici na hannuna, ban ajiye ba. Hayaƙin ya miƙe siriri a tsakaninmu, ya bi saman ƙofa ya fita.