Kofin da Ke Saman Taga

Ranar Talata ce, ina ɗinka wuyan wata riga, ƙanena ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ce in tsayar da keken. Motar da 'yata Auta ta shiga ta yi karo da babbar mota, an fitar da mutum uku da rai, ba ta cikinsu. Na tuna sai da na cire allurar da ke bakina na soka a jikin rigar, sannan na miƙe na bi shi.

Auta tana shekara ta uku a kwaleji, ita ce shugabar ɗaliban sashensu. Tun tana ƙarama haka take, ko layin famfo ta tarar a hargitse sai ta gyara shi. Da aka rufe makarantu saboda annoba, aka ce kowa ya yi karatu daga gida ta waya, ɗakinmu ya koma ofis. Sai dai gidanmu babu sabis sai can saman taga. Ta buga ƙusa a wurin, ta rataya kofin roba, ta riƙa saka wayar a ciki. Ita kuma ta taka kujerata ta tsaya da littafi har malami ya gama. Nakan tsokane ta in ce shugaba guda kamar mai sharar yana, tunda ta hau ta share mini kusurwar nan.

Wasu ɗaliban ko irin tagarmu ba su da ita. Ta bi su ta rubuta sunayensu, su talatin da bakwai. Makaranta ta ce ta waya za a yi jarrabawa, wanda bai shiga ba ya maimaita shekara. Auta ta nemi a ba waɗannan ɗaki su rubuta a takarda, aka sa mata Litinin ta yi wa magatakarda bayani ta waya. Ranar da ta rasu ma takardun darasi ta tafi kai wa wasunsu, ta bar wayar a kofi tana naɗar karatun safe.

Ranar Lahadi mataimakiyarta ta zo, wadda suke kira Gajera. Ta ce sunayen suna cikin wayar, ta nan kuma ake shiga taron, ga shi ba wanda ya san yadda ake buɗe ta. Na ce ta miƙo. Sau nawa ina zaune a ƙasa ina kallon yatsan Auta a kan gilashin wayar? Ta sauko, ta ƙetare, ta hau, daidai yadda nake yanka wuyan riga. Na ja yatsana haka, waya ta buɗe.

Da Litinin ta zo, Gajera ce za ta yi magana. Tana hawa kujera ta ga sunan Auta a jikin gilashin, sai kuka ya ci ƙarfinta. Na ce ta sauko. Na gyara ɗaurin zanina na hau.

Na ga magatakarda, wani dattijo mai tabarau, da mutum biyu. Na yi ta zuba bayani tun daga farko, har gumi ya karyo mini. Gajera tana ta jan zanina ina ture hannunta. Can dattijon ya ce, “Baiwar Allah, bakinki kawai muke gani yana motsi.” Ashe ban buɗe wajen magana ba. Gajera ta nuna mini inda zan taɓa.

Na ce, “Ba komai, ranka ya daɗe, wancan gwaji ne. Ni tela ce, mahaifiyar shugabarsu. Allah ya karɓi abarsa ranar Talata. Yanzu haka a kan kujera nake tsaye, don nan kaɗai waya ke kamawa a gidana. Akwai yara talatin da bakwai da ko kujerar suka hau ba za ta kama ba.”

Ina rufe baki fuskarsa ta daskare, sabis ya ɗauke. Na jijjiga kofin, na ɗan karkata shi yadda Auta take yi, ya dawo. Magatakarda ya yi mini ta'aziyya, ya ce abin da nake faɗa ya gani da idonsa, a turo masa sunayen. Na ce zan karanta masa yanzu, don ban yarda da sabis ɗin nan ba. Aji huɗu na yi a makaranta, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina haɗa baƙi, inda na kakare Gajera ta faɗo mini daga ƙasa. Bai katse ni ba har na kai ƙarshe.

An ba su ɗakin karatu na makaranta, duka talatin da bakwai sun rubuta. Ɗaya ta faɗi darasi guda, ta zo har gida tana jin kunyata. Na ce ta je ta sake, ba a kaina za ta yi kuka ba.

Tuni an buɗe makarantu, ba mai buƙatar tagar. Amma kullum kafin in zauna kan keke sai na cire wayar daga caji, in goge ta da ƙyalle, in taka kujera in saka ta a kofi. Ƙarfe takwas suke fara darasi.